Me ya sa ba a iya goge abin da ba a sani ba? Tambayoyi da amsoshi kan iyakar gogewa a kimiyyar kwantum

Ni malamin fizik ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa. Tambayoyin nan a hankali suka taru: wasu daga 'yan Tarminal, ajin ƙarshe na lise, bayan an tashi daga aji, wasu daga wani mai gyaran waya da nake shan shayi a rumfarsa da la'asar, ɗaya kuma daga alaramman unguwarmu. Darasin ba ya cikin abin da ake tambaya a bakaloreya, jarrabawar gama lise, saboda haka wanda ya zo neman maki ya yi haƙuri. Da Hausa na rubuta, domin na lura yaro kan haddace abu da Faransanci har ya ci jarrabawa, amma sai ka ce ya bayyana wa kakarsa za ka san ko ya gane.

Malam, wai me ake nufi da ba a iya gogewa? Ai kullum muna goge hotuna a waya.

Gaskiyarka, kuma ba wanda ya ce ka daina. Maganar a kan wani abu ne takamaimai. A ce an ba ka ƙwayoyi biyu ƙanana ƙwarai, kamar ƙwayoyin haske biyu, an ce maka halinsu ɗaya ne sak, amma ba a faɗa maka ko wane hali ba ne. Sai aka ce ka ƙera injin da zai bar ta farko yadda take, ya mayar da ta biyu fanko, kuma shi kansa injin kada ya rage da wata alama ta abin da ya goge. A shekarar 2000, Arun Pati, ɗan Indiya, da Samuel Braunstein, lokacin suna jami'ar Bangor a yankin Wales na Birtaniya, suka nuna a mujallar Nature cewa wannan inji ba ya ƙeruwa. Ba don kuɗi ko ƙarancin fasaha ba. Lissafin kwantum, wato fizik na ƙananan ƙwayoyi irin waɗannan, shi ne ya ƙi. Duk injin da ya yi kamar ya goge, in ka bincika za ka tarar kwafin na biyu yana nan cikin cikinsa, wuri kawai ya sauya. Wannan ita ce ƙa'idar hana gogewa.

Mene ne kubit, kuma ta yaya abu zai kasance a hannunka ka ce ba ka san halinsa ba?

Bit na kwamfutar da muka saba kamar makunnin fitila yake: ko a kunne ko a kashe, 1 ko 0. Ka duba ka gani, dubawarka ba ta canza komai.

Kubit shi ne takwaransa a duniyar ƙananan abubuwa. Misali mafi sauƙi ƙwayar haske, wato foton. Haske yana kaɗawa ne ta wata fuska: a tsaye, ko a kwance, ko a karkace ta kowace kusurwa tsakaninsu. Mu kira tsaye 0, kwance 1. Wanda yake a karkace kuwa haɗin biyun ne, da kaso na wannan da kaso na wancan, kuma kusurwoyin ba su da iyaka.

Ga inda gizo ke saƙa. Ba ka da hanyar tambayar foton "wace kusurwa kake?" Abin da kawai za ka iya shi ne ka sa masa matata, ka ga ko zai wuce ko ba zai wuce ba. Amsa ɗaya za ka samu, i ko a'a, kuma da zarar ya amsa, tsohon halinsa ya tafi: in ya wuce matata mai tsaye, ya zama mai tsaye ke nan, ko da can a karkace yake. Da an ba ka fotoni miliyan masu hali ɗaya, sai ka yi ta gwadawa kana ƙirga har ka kusanci sanin kusurwar. Amma da ɗaya ko biyu, ina! Shi ya sa ake cewa halin ba sananne ba ne. Wanda ya shirya shi ya sani. Kai da aka miƙa wa ba ka sani ba, kuma ba ka da hanyar sani ba tare da ka ɓata shi ba.

A nuna mana dalilin mana, kada a ce mu yarda kawai.

Wannan tambaya ta wata ɗaliba ce da ba ta barin magana ta wuce, kuma ita na fi so a duk jerin. Hujjar ba ta fi ƙarfin wanda ya san kosinus ba.

Tsakanin kowane hali biyu akwai wani adadi da zan kira ma'aunin kamanni. In halin biyu ɗaya ne, kamanninsu 1. In sun saɓa gaba ɗaya, kamar tsaye da kwance, kamanninsu 0. Ga fotonin da muke magana, adadin shi ne kosinus na kusurwar da ke tsakaninsu. Kusurwar digiri 60 tana ba da 0.5.

Dokoki biyu kawai muke buƙata. Ta farko: in abubuwa suna jere, kamannin jerin shi ne ka ninka kamannin kowanne da na ɗan'uwansa. Ta biyu, wadda ita ce ƙashin bayan kwantum: duk abin da ya faru a cikin rufaffen tsari, wanda ba ya zubar da komai waje, ba ya canza ma'aunin kamanni. Abu biyu da suka shiga da kamanni 0.25 da shi za su fito.

To, mu gwada injin gogewar sau biyu. Karo na farko mu ba shi fotoni biyu masu tsaye. Karo na biyu mu ba shi biyu masu karkata digiri 60. Kamannin abin da ya shiga a karo biyun shi ne 0.5 sau 0.5, wato 0.25. Injin kansa a hali ɗaya ya fara duka karo biyun, nasa 1 ne, bai canza lissafi ba.

Yanzu mu duba abin da ya fito. Foton na farko yana nan yadda yake, kamanni 0.5. Na biyu ya zama fanko duka karo biyun, kamanni 1. In injin ma ya ƙare a hali ɗaya ba tare da wata alama ba, shi ma 1. Jimla 0.5. An shiga da 0.25 an fito da 0.5, doka ta karye.

Yaya za a gyara lissafin? Hanya ɗaya ce tak: injin ya ƙare a hali biyu daban, masu kamanni 0.5, domin 0.5 sau 1 sau 0.5 ya dawo 0.25. Ku dubi adadin nan da kyau. Shi ne daidai kamannin kwafin da muka ce an goge. Wato kwafin bai je ko'ina ba, ya koma cikin injin ne ya zauna. Ranar da na rubuta wannan a allo, ɗalibar ta ce, "Ashe ɓarawon mai gadi ne." Ban sami abin ƙarawa ba.

Lissafin yana tafiya lafiya ne kawai in kamannin 0 ne ko 1, domin su kaɗai ne adadin da in ka ninka su da kansu suke komawa kansu. Ma'ana, in an yi maka alkawarin cewa fotonin ko dai tsaye suke ko kwance, babu karkatacce, to kana iya goge kwafi ɗaya sarai. Wannan shi ne halin bit na kwamfutarmu. Pati da Braunstein ta wata hanya suka bi, wadda ta fi wannan faɗi, amma wurin sauka ɗaya ne.

Na taɓa jin cewa ba a iya kwafar kubit. Magana ɗaya ce da wannan?

Wa da ƙane ne, kuma hana kwafa shi ne babba. Labarinsa ma yana da daɗi. A farkon shekarun 1980 wani masani a Amurka, Nick Herbert, ya fito da dabarar aika saƙo da ya fi haske sauri. Dabarar ta dogara ne kan yi wa foton kwafi da yawa don a gano halinsa. Kowa ya san akwai kuskure a ciki, tunda ta saɓa wa ƙa'idar Einstein mai cewa ba saƙon da ke wuce haske sauri, amma sai da aka zauna aka nemo inda kuskuren yake. A 1982 William Wootters da Wojciech Zurek, da kuma Dennis Dieks a Holan shi kaɗai, suka nuna cewa kwafar ce ba ta yiwuwa. Kuskuren mutum ɗaya ya haifi ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fannin.

In ka juya lissafin da muka yi a sama, shi ne hujjar: a shiga da 0.5, a fito da 0.25. Akwai kwafi na jabu, wanda ya yi kusa amma bai kai ba. Vladimír Bužek da Mark Hillery suka fito da irin wannan inji a 1996, ingancinsa kashi 5 cikin 6, kuma an tabbatar ba a wuce nan. In aka haɗa ƙa'idojin biyu, bayanin kwantum ba ya ƙaruwa ta kwafa, ba ya raguwa ta gogewa. Hannu kawai yake sauyawa, kamar kuɗin adashi.

Mu da muke wanke allo kullum, ina rubutun yake zuwa?

Alaramma ne ya jefo mini wannan, yana dariya, bayan na gama yi masa bayani a ƙofar gida. Na ce, Allah gafarta malam, ai kai ka fi ni sanin amsar. Almajiri ya wanke allonsa, allo ya yi fes, amma ruwan da ke cikin ƙwarya ya yi baƙi. Tawadar ba ta ɓace ba. Ni ma a aji haka nake fama: na share allo da tsumma, lissafin ya tafi, amma ƙurar alli tana hannun rigata, tana gashin girata, wata tana maƙogwaron yaran layin gaba.

Sai dai a yi hattara da misalin, domin tawada daban, rubutu daban. Abin da fizik ke cewa ya fi haka ƙarfi. Ba tawadar kaɗai ta tsira ba. Siffar rubutun ma, wane harafi ne a ina, ta koma cikin motsin ƙwayoyin ruwa da na iska da ɗan ɗumin da hannu ya haifar. Ba mai iya karanto ta daga nan, ko da zai shekara dubu yana ƙoƙari, amma a lissafi tana nan.

Braunstein da Pati sun sake fitowa a 2007 da ƙa'idar da ta ƙarasa wannan magana, ana kiranta hana ɓoyewa. Don a gane ta, a tuna yadda ake ɓoye sirri a duniyar da muka saba. Ina da saƙo, sai na gauraya shi da wasu lambobi na kan-mai-uwa-da-wabi. Gaurayayyen saƙon na ba wa mai tafiya Marwa, lambobin na ba wa mai tafiya Injamena. Kowannensu in aka tare shi a hanya, abin da ke hannunsa shirme ne zalla. Sirrin ba ya wurin wannan, ba ya wurin wancan, yana cikin dangantakar takardun biyu. Claude Shannon ya tabbatar a 1949 cewa irin wannan kulli ba ya kwantuwa.

Kubit ba ya yarda a yi masa haka. In halinsa ya ɓace ƙarƙaf daga inda yake, to ya koma ɗungurungum cikin sauran abin da ke kewaye da shi. Ba zai maƙale a tsakani ba. A 2011 aka gwada wannan a birnin Bangalor na Indiya, a ɗakin binciken Anil Kumar, da ƙwayoyin zarra a cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Suka hargitsa kubit har ya zama ba ya ɗauke da komai, sannan suka je wurin kubitocin da suka taya aikin, suka tsamo halin nasa daga can.

To kwamfutocin kwantum da ake ƙerawa, ba sa share kubit ɗinsu ke nan?

Suna sharewa, sau dubbai a daƙiƙa. Ko dai su auna shi su juya shi ya koma 0, ko su bar shi ya zubar da ƙarfinsa cikin sanyin da ke kewaye. Ƙa'idar ba ta hana zubar da shara ba. Cewa ta yi dole a sami bola.

Shi kuma Landauer da ake cewa gogewa tana haifar da zafi fa?

Wannan ita ce iyaka ta biyu, kuma ta girmi ta farko da kusan shekara arba'in. Rolf Landauer, masani a kamfanin IBM, ya nuna a 1961 cewa in kana da bit ɗaya wanda ba ka san ko 0 ne ko 1 ba, ka tilasta masa ya zama 0, dole wani ɗan zafi ya fita zuwa waje. Dalilin kuwa: kafin gogewa abu biyu ne ke iya yiwuwa, bayanta ɗaya. Dokokin fizik ba sa haɗe hanya biyu su zama ɗaya, don haka bambancin sai ya fita ya shiga motsin ƙwayoyin da ke kewaye, kuma motsin ƙwayoyi shi ne zafi. Mafi ƙarancin kuɗin shi ne adadin Boltzmann (wani tsayayyen adadi na ilimin zafi) sau zafin wurin sau logaritim na 2. Zafin wurin yana cikin lissafin, wato gogewa ta fi tsada a Garwa cikin Afrilu fiye da Ngaundare da asuba. A digiri 40, kuɗin bit ɗaya ya kai kusan jul 3 a raba da 1 mai sifili 21 a bayansa (jul shi ne ma'aunin kuzari).

Shekara 51 maganar tana kan takarda. A 2012 wasu masana a birnin Liyon na Faransa suka ɗauki ɗan ƙwallon gilashi mai faɗin mikron 2 (mikron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), suka sa shi a ruwa, suka riƙe shi da hasken leza mai ramuka biyu, hagu 0, dama 1. Suka riƙa tura shi rami ɗaya ko daga ina ya taso, suna auna zafin da ke fita. In sun yi gaggawa zafin ya yi yawa. In sun bi a hankali sai ya yi ta sauka, har ya zo ya tsaya a kan adadin Landauer, bai gangara ƙasa ba. A 2018 an sake gwadawa a Wuhan ta ƙasar Sin da ƙwayar kalsiyam guda ɗaya tak, inda dokokin kwantum ke aiki sosai, iyakar ta tsaya.

Akwai bambancin da ɗalibai ke yawan ruɗewa a kai. Landauer yana magana ne kan goge abin da ba ka da kwafinsa. In kana da bit biyu masu kama ɗaya, goge ɗaya kyauta ne a ƙa'ida: ka dubi na farko, in 1 ne ka juya na biyu, in 0 ne ka ƙyale shi. Ba abin da ya ɓace, kuma kana iya komawa baya. Charles Bennett ya gina dabarar lissafi mai komawa baya a kan irin wannan tun 1973. Abin da Pati da Braunstein suka nuna shi ne wannan rangwamen babu shi ga kubit. Ko da tagwayensa na hannunka, ba za ka iya amfani da ɗaya ka warware ɗayan ba.

Wani abin mamaki kuma, wanda Lídia del Rio da abokan aikinta suka nuna a 2011: in kubit ɗin da za ka goge yana sarƙe da wani da ke hannunka, irin sarƙewar kwantum, inda halin biyun ya haɗe har ba a iya bayyana na ɗaya shi kaɗai, gogewar tana iya sanyaya wuri maimakon ta ɗumama shi. Ba banza aka samu ba. Sarƙewar ce ake ƙonawa kamar gawayi, in ta ƙare ta ƙare.

Shi ya sa wayata take zafi kamar dutsen guga?

A'a. Mai gyaran wayar nan ya so ƙwarai in ce i, don ya sami abin faɗa wa masu kawo ƙorafi. Mu yi lissafi. Waya mai giga 64 tana da bit wajen biliyan 512. Ka goge su duka a kan farashin Landauer, zafin bai kai kashi 2 cikin biliyan na jul ɗaya ba. Tafasa ruwa mililita 100 na shayin da muke sha yana cin kusan jul 29,000. Batirin waya cikakke yana ɗauke da wajen jul 50,000. Zafin wayarka daga wutar da ke bin wayoyin cikinta yake, da caji, da rana, da barinta a aljihu kana kan babur.

In na auna kubit ɗin, ai na lalata halinsa. Wannan ba gogewa ba ce?

A aikace, gogewa ce: ba za ka ƙara ganin wannan halin ba. Amma awo ba a rufaffen tsari yake faruwa ba. Na'urar awo babba ce, tana taɓa iska da haske da teburin da take kai, kuma sakamakon yana rubutuwa a cikinta. Hujjarmu ta ce babu injin da zai goge ya fito ba alama. Na'urar awo kuwa alama ita ce sana'arta.

Ko awon yana hallaka bayani da gaske, ko watsa shi kawai yake yi inda ba a iya tattarowa, nan masana suka rabu tun zamanin Niels Bohr, kuma har yau ba su haɗu ba. Masu bin fahimtar Kopenhagen suna ɗaukar awo a matsayin yankewa ta gaske. Masu bin Hugh Everett, wanda ya kawo tasa fahimtar a 1957, suna cewa ba abin da ke yankewa, dokar rufaffen tsari ce ke tafiya har kan duniya baki ɗaya. Ni dai na fi karkata ga cewa watsuwa ce, domin duk lokacin da masu gwaji suka iya killace abu da kyau, sun tarar ana iya mayar da abin da ya yi kamar ya ɓace. Amma ra'ayi ne, kada a kai shi ɗakin jarrabawa.

Ana iya wanke kubit ya fita tas, ba ko ɗigo?

Nan ma akwai shinge. Kubit mai cikakken tsarki, wanda yake 0 ɗari bisa ɗari, daidai yake da abin da aka sanyaya har sifilin ƙarshe, digiri 273.15 ƙasa da daskarar ruwa. Doka ta uku ta ilimin zafi, wadda Walther Nernst ya kafa a farkon ƙarni na 20, ta ce ba a isa can da aiki mai iyaka a lokaci mai iyaka. Ana matsawa kusa, ba a taɓawa. Shi ya sa kwamfutocin kwantum irin na IBM da Google suke zaune cikin firji mai sanyin da bai wuce kashi 10 zuwa 20 cikin dubu na digiri ɗaya sama da sifilin ba, kuma duk da haka wani lokaci kubit yakan tashi da 1 alhali an ce masa ya zama 0. Tsohon allon almajiri ma haka yake, duk wankin da ya sha sai ka ga inuwar tsohon rubutu.

Zan sayar da wayata a kasuwa. Ke nan duk abin da na goge mai saye zai iya dawo da shi?

Wannan ba ruwan kwantum a ciki, amma ita ce tambayar da aka fi yi mini, don haka ga amsa. In ka danna gogewa, yawanci na'ura sunan fayil ɗin kawai take cirewa daga jerin sunaye, ta ce wurin ya zama fili. Hoton yana nan har sai wani abu ya hau kansa, shi ya sa masu gyara ke iya tono shi, musamman daga katin memori. Wayoyin zamani kuwa a kulle suke ajiye komai, kuma in ka mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, makullin ake jefarwa, abin da ya rage ya zama tarkace. Saboda haka ka fita daga asusunka, ka mayar da ita sabuwa, katin memori da sim kuma ka cire su ka sa a aljihu. Cewa bayani ba ya hallaka a lissafin fizik ba ya nufin wani yaro a rumfa zai tsamo hotunan bikinka daga ɗumin iska.

Ina amfanin sanin abin da ba ya yiwuwa?

Wani hanin kariya ne. A 1984 Bennett da Gilles Brassard suka tsara hanyar raba makullin sirri da fotoni. Mai leƙen asiri ba zai iya kwafar foton ya bar na asali ya wuce ba, in kuma ya auna ya ɓata, sai a gane an taɓa. Sin ta harba tauraron ɗan'adam mai suna Micius a 2016, aka yi amfani da shi aka raba irin wannan makulli tsakanin Sin da Ostiriya.

Haka nan dabarar tura halin kubit daga wuri zuwa wuri, wadda aka tsara a 1993 aka kuma gwada a 1997. Halin yana bayyana a can ne kawai bayan ya ɓace a nan. Bai zama biyu ba, bai zama sifili ba. Anton Zeilinger, ɗaya daga waɗanda suka fara gwada ta, yana cikin mutum uku da suka karɓi kyautar Nobel ta fizik a 2022.

Masu rubuta manhajar kwamfutar kwantum kuwa kullum suna karo da wannan hani. A kwamfutarmu, in ka gama lissafin wucin gadi sai ka watsar. A can in ka watsar da kubit ɗin da ya taya ka aiki alhali yana sarƙe da amsarka, ya tafi da wani yanki nata, amsar ta lalace. Dole ka bi sawunka ka warware lissafin baya-baya har ya koma fanko, kamar mai saƙa da ke kwance zare.

Abin da ya faɗa baƙin rami na sararin samaniya fa? Shi ma bai gogu ba?

Ka taɓo inda manya ke faɗa. A 1974 Stephen Hawking ya nuna cewa baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ya faɗa ba ya kuɓuta, yana fitar da wani ɗan haske, yana ramewa a hankali har ya ƙare. A 1976 ya ce hasken nan ba ya ɗauke da labarin komai, saboda haka duk abin da ya faɗa ciki ya gogu har abada. In haka ne, to baƙin rami shi ne injin da muka ce ba ya ƙeruwa, kuma kwantum yana da ɓaraka. A 1997 shi da Kip Thorne suka yi caca da John Preskill a kan maganar. A 2004, a wani taro a Dablin, Hawking ya ce ya faɗi, ya biya Preskill da kundin bayanan wasan besbol. Thorne bai sallama ba a lokacin. Ƙa'idar hana ɓoyewa ta 2007 a kan wannan rigima aka fito da ita, kuma ta ƙara matse wurin: ba za a ce labarin ya ɓuya a dangantakar cikin ramin da wajensa ba. Yawancin masana yanzu suna ganin labarin yana fitowa tare da hasken. Ta wace ƙofa yake bi, ana kan bincike.

Wannan ba hujja ba ce cewa duk abin da mutum ya aikata a rubuce yake?

Ana yawan kai ni nan, ni kuma ina yawan zamewa. Ƙa'idar tana magana ne kan ma'aunin kamanni tsakanin halayen ƙwayoyi. Ba ta san alheri ba, ba ta san sharri ba. Abin da muka yi imani da shi bai jira mujallar Nature ba, kuma bai kamata a jingina shi da abin da gwajin gobe zai iya gyarawa ba. Wannan tambaya a kai wa alaramma, gidansa na kallon nawa.

Ina son in karanci wannan fanni. Daga ina zan fara?

Daga abin da ke cikin jakarka. Lambobin nan masu ɗauke da saiwar -1 da kuke yi a Tarminal kuna tsaki, da bektoci, da lissafin yiwuwa, su ne harshen kwantum gaba ɗayansa. Wanda ya iya ninka matiris biyu ya riga ya taka matakin farko. Ana karanta fizik a jami'ar Ngaundare da ta Marwa, akwai kuma cibiyar lissafi ta AIMS a Limbe ga wanda ya gama digirin farko. Kamfanin IBM yana barin mutane su gwada ƙananan lissafi a kwamfutocinsa na kwantum ta intanet, in an sami wuta da netiwok a rana ɗaya.

Kafin nan ga aikin gida. A sake lissafin injin gogewa da kusurwar digiri 45 maimakon 60, sannan a gwada da kwafi uku da ake son mayarwa biyu. A faɗa mini kamannin da injin zai rage da shi a kowanne. Wanda ya samu ya same ni a rumfar mai gyaran waya bayan la'asar, shayinsa a kaina.